Riba Ko Adalci: Don Me Za A Ɗauki Bare Aiki?

Ranar da mutum ya buɗe gidan burodi, ko kantin magani, ko 'yar makaranta a Jos ko Kafanchan ko Lafiya, ba a cika mako guda sai baƙi su fara sallama. Kawu zai zo da ɗansa wanda ya gama sakandare shekara 3 ke nan yana zaune. Gwaggo za ta aiko da jikanta. Bayan sujada ranar Lahadi wani dattijon ikilisiya zai ja shi gefe ya tuna masa da wani matashi mai himma a ƙungiyar mawaƙa. Kafin a hura wuta a tanda, guraben aiki 10 sun cika, duk waɗanda ke ciki kuwa yare ɗaya suke ji, ƙauye ɗaya suke zuwa Kirsimeti. Ba wanda zai ce an yi laifi. A idon jama'a ma abin yabo aka yi, gama naka sai naka.

To, in wannan mutum ya ware gurbi 3 ko 4 ya ba bare, wato ɗan wata kabila, ko mai bin wani addini, ko mace a aikin da aka saba ba maza, ko mai naƙasa wanda ya iya lissafi, ya ci amanar danginsa ke nan? Masanan kasuwanci na zamanin nan suna da amsa a shirye. Sukan ce ya ɗauke su, domin ma'aikatar da ta tara mutane iri dabam dabam ta fi samun riba. Akwai gaskiya cikin wannan amsa. Amma kafin iyali su jingina da ita, ya kamata a gwada ƙarfinta, a ga ko za ta iya ɗaukar nauyin mutum ranar da iska ta juya. Labarin wani abin sha da kowane yaro ya sani zai taimaka wajen gwajin.

A cikin 1938 wani mutum mai suna Walter Mack ya zama shugaban kamfanin Pepsi-Cola a Amurka. Kamfanin yana can baya nesa da Coca-Cola, abin da yake taƙama da shi kawai shi ne yana sayar da kwalba mai kusan ninki biyu a kan kuɗi ɗaya, senti 5. A lokacin baƙaƙen fata kusan kashi 10 cikin 100 ne na mutanen ƙasar, wajen mutum miliyan 13. Suna saye kamar kowa, amma manyan kamfanoni ba su ɗauke su a bakin kome ba. In ma sun fito a talla, sai a zana su a matsayin barori ko abin dariya. Mack ya lura cewa ga kasuwa a ƙofar gida wadda ba mai kula da ita, ya kuma gane cewa ba wani a ofishinsa da ya san hanyar shigarta. A 1940 ya fara ɗaukar baƙaƙen fata kaɗan don aikin talla. Yaƙin Duniya na Biyu da ƙarancin sukari suka katse shirin. A 1947 ya ɗauko wani mai suna Edward Boyd, ya ba shi izini ya kafa rukunin masu talla, dukansu baƙaƙen fata, har yawansu ya kai wajen 12.

Waɗannan mutane sun yi abin da ba wani farar fata a kamfanin da zai iya yi. Sun san ikilisiyoyin da jama'arsu ke taruwa, da makarantunsu, da ƙungiyoyin matansu, da jaridun da suke karantawa, da masu kantunan da ake jin maganarsu a unguwa. Sun shirya tallace-tallace masu nuna iyali cikin mutunci, uwa da uba da yara a gida mai tsabta. Yaron da ya fito a ɗaya daga cikin hotunan, Ron Brown, shi ne ya zama ministan ciniki na Amurka a 1993. Sun kuma buga hotunan fitattun mutanensu, har da Ralph Bunche, wanda ya karɓi lambar Nobel ta zaman lafiya a 1950. Duk wannan sun yi shi ne a zamanin dokokin wariyar launin fata. A jihohin kudu masaukai da yawa ba sa karɓarsu, sai su kwana a gidajen mutane. Albashinsu bai kai na takwarorinsu farare ba. Duk da haka ciniki ya ƙaru a wuraren da suka bi.

Ribar da kamfanin ya samu ba daga launin fatarsu ta fito ba, daga abin da suka sani ne wanda sauran ba su sani ba. Wannan ita ce riba ta fari, kowane ɗan kasuwa kuwa zai gane ta ba sai an kai shi Amurka ba. Mai gidan burodin da dukan ma'aikatansa masu bi ne ba zai san wane irin burodi ake nema da yamma a watan azumin Musulmi ba, ko ƙarfe nawa ya kamata ya isa tebur. Asibitin da ba shi da ko ma'aikaciya ɗaya mai jin Fulatanci zai yi ta fama da matan rugage ta bakin tafinta, wata cutar kuwa mace ba za ta faɗe ta a gaban tafinta namiji ba.

Riba ta biyu lissafi ne kawai. A 1957 wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Chicago, Gary Becker, ya nuna cewa mai nuna bambanci wajen ɗaukar ma'aikata yana biyan kuɗin son zuciyarsa daga aljihunsa. In mutum 100 suna neman aiki, shi kuwa ya ƙudura ba zai duba kowa ba sai 10 na kabilarsa, to da wuya gwanin cikin 100 ɗin ya faɗo cikin 10 nasa. Gwanin zai tafi wurin abokin gasarsa. Sarki Sulemanu, da dukan hikimarsa, bai tsaya kan Isra'ilawa kaɗai ba sa'ad da zai gina Haikali. Ya aika wa Hiram sarkin Taya, ya amsa a fili cewa ba wani cikin mutanensa da ya iya saran itace kamar Sidoniyawa. Wanda ya yi aikin tagulla kuwa ruwa biyu ne, uwarsa Ba'isra'iliya, ubansa mutumin Taya. In a yau ne, da an sami waɗanda za su tambayi takardar shaidar ƙaramar hukumarsa.

Riba ta uku ita ce wadda ba a cika lura da ita ba, ta kuwa fi sauran ban mamaki. A 2006 wani malamin jami'a a Amurka, Samuel Sommers, ya wallafa sakamakon wani gwaji. Ya tara mutane rukuni rukuni, 6 a kowanne, ya nuna musu wata shari'a, ya ce su tattauna su yanke hukunci kamar masu taimaka wa alƙali. Waɗansu rukunai farare ne zalla, waɗansu kuwa farare 4 da baƙaƙe 2. Rukunan da aka gauraya sun fi daɗewa suna tattaunawa, sun fi taɓo hujjojin shari'ar, sun kuma fi ƙarancin kuskure. Abin lura shi ne, yawancin gyaran daga fararen ya fito. Da suka ga ba su kaɗai ba ne a ɗakin, sai suka ƙara natsuwa, suka auna maganarsu kafin su furta. Mutum cikin nasa yakan saki jiki. Ba ya bincika lissafin ƙanensa, gama kunya ba za ta bari ba. Ba ya musa wa yayansa a gaban mutane ko ya ga ana shirin faɗawa rami. Kasuwanci nawa ne ya durƙushe a garuruwan nan, ba don ɓarawo ya shigo daga waje ba, sai don ba wanda ya iya buɗe baki ya ce wa ɗan mai gida ya kawo rasiti?

Inda Lissafin Ya Ƙi Fita

Da a nan maganar ta tsaya, da ba sauran tambaya. Amma masu wa'azin riba sun zarce gona da iri. A 2015 kamfanin ba da shawara na McKinsey ya fitar da rahoto a kan kamfanoni 366, ya ce waɗanda shugabanninsu suka fi gaurayar launi da kabila sun fi sauran yiwuwar samun riba mai kyau da kashi 35 cikin 100. An yi ta maimaita wannan adadi a taruka shekara da shekaru kamar ayar haddacewa. A 2024 waɗansu malamai 2, Jeremiah Green da John Hand, suka bi sawun lissafin da manyan kamfanoni 500 na Amurka, ba su kuwa sami wannan dangantaka ba. Ko da an same ta ma, da sauran magana, domin mai yiwuwa ne kamfanin da ya riga ya yi arziki shi ne ke da halin nemo mutane daga ko'ina, ba gaurayar ce ta kawo arzikin ba.

Abin da ya fi wannan nauyi ya fito daga Kenya. Wani masani mai suna Jonas Hjort ya bincika wata ma'aikatar shirya furanni don sayarwa ƙasashen waje, ya wallafa abin da ya gani a 2014. Ana aiki ne mutum 3 a rukuni. Ɗaya yana miƙo furanni, biyu suna ɗaurewa, ana kuwa biyan kowa bisa ga yawan abin da aka ɗaure. Ma'aikatan sun kasu gida biyu, ɓangaren Kikuyu da ɓangaren Luwo. Hjort ya tarar cewa mai miƙo furanni yakan rage wa wanda ba nasa ba, ya ƙara wa ɗan kabilarsa, ko da yake yin haka yana rage nasa albashin. Saboda haka rukunan da aka gauraya ba su kai na kabila ɗaya yawan aiki ba. Da rikicin zaɓen Disamba 2007 ya ɓarke, aka kashe mutum fiye da 1,000 a ƙasar, sai tazarar ta ƙara faɗi. Masu ma'aikatar ba su raba kabilun ba. Sun sake tsarin biya ne, suka haɗa ladan masu ɗaurewa biyun ya zama na tarayya, ta yadda fifita ɗaya a kan ɗaya ba zai amfani kowa ba. Aiki ya ƙaru a irin waɗannan rukunai, ko da yake ƙiyayyar ba ta gushe ba.

Duk wanda ya ga abin da ya faru a Kaduna a 2000, ko a Jos a 2001, ba ya bukatar a fassara masa wannan labari. Tara mutane dabam dabam a ɗaki ɗaya ba ya haifar da albarka haka kawai. Yakan jawo zargi, da gulma cikin yaren da wani ba ya ji, da gardama a kan wa zai tsaya a kanti ranar Juma'a, wa zai tsaya ranar Lahadi. Ribar takan zo ne in mai gida ya tsaya da ƙafafunsa, ya sa ma'auni ɗaya ga kowa wajen albashi da horo da ƙarin girma, ya kuma saurari baren da ya ɗauka. Bare da aka ajiye don ado, ba a tambayarsa ba a jin tasa, bakinsa zai yi shiru, saninsa kuwa ya koma gida da shi kowace yamma.

Yanzu sai a koma wurin Boyd da mutanensa. Nasararsu ta tsorata waɗansu masu cika kwalaben Pepsi, waɗanda suka ji tsoro kada farare su guji abin shan. A wani babban taro a New York a 1949, Mack, mutumin da ya ɗauko su da kansa, ya tsaya gaban ɗaruruwan dillalai ya ce ba ya so a san Pepsi a matsayin abin shan baƙaƙe, ya kuwa yi amfani da kalmar wulaƙanci mafi muni da ake kiransu da ita. Boyd yana cikin zauren. Ya tashi ya fita. A 1950 Mack ya sauka daga shugabanci, a 1951 kuma aka watse rukunin. Ba su yi laifin kome ba, ciniki ma bai faɗi a hannunsu ba. Lissafin da ya shigo da su shi ne ya fitar da su. Daga baya kamfanin ya yi abin a yaba, gama a 1962 ya naɗa ɗaya daga cikin mutanen Boyd, Harvey Russell, mataimakin shugaba, ya kuma bar shi a kujerar duk da kiran da ƙungiyar Ku Klux Klan ta yi a daina sayen Pepsi. Amma iska ba ta daina juyawa ba. Tsakanin 2024 da 2025, da siyasar Amurka ta sauya, manyan kamfanoni da dama da suka yi shekaru suna shelar cewa gauraya riba ce suka janye shirye-shiryensu cikin 'yan watanni, har da PepsiCo a farkon 2025.

Wannan ne raunin hujjar riba. Tana mai da mutum kamar haja, a ajiye shi muddin ana samu, a sauke shi ranar da kasuwa ta ƙi. Tana kuma ɗora wa bare kayan da ba a ɗora wa ɗan gida, gama shi dole ya tabbatar kowace rana cewa zamansa yana kawo kuɗi, ɗan gida kuwa sunan mahaifinsa ya ishe shi. Shari'ar Musa ba ta bi ta nan ba. A Maimaitawar Shari'a sura 24, inda aka hana zaluntar ma'aikaci matalauci, aka kuma umarta a biya shi kafin faɗuwar rana, an haɗa ɗan'uwa da baƙo cikin doka ɗaya. Dalilin da surar ta bayar na yi wa baƙo adalci ba wai zai ƙara yawan hatsi a rumbu ba ne. An tuna wa Isra'ilawa ne cewa su ma sun taɓa zama bayi a Masar.

Iyalai masu yawa da ke karanta wannan mujalla sun san ɗacin abin. Sun ga ɗa ya fito da sakamako mai kyau, ya ci jarrabawar ɗaukar aiki, aka ajiye takardarsa gefe saboda sunansa, ko addininsa, ko don kakansa ba a jihar aka haife shi ba. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana hukuma nuna irin wannan bambanci, ana kuwa yinsa. Kukan da ake yi a kansa daidai ne. Sai dai mutumin da ya yi wannan kuka ranar Litinin, in ya zauna a kujerar mai gida ranar Talata ya ajiye takardar ɗan wani saboda sunansa, da wane baki zai sake yin kukan? Makarantu da asibitocin ikilisiya ma ba su kuɓuta daga tambayar ba. Akwai ayyukan da bangaskiya take cikin ainihinsu, kamar na fasto ko malamin Littafi Mai Tsarki, ba mai gardama a kan wannan. Amma gwajin jini da gyaran janareta gwaninta suke bukata da riƙon amana.

Hakkin Dangi Fa?

Ba daidai ba ne a yi kamar dangi ba su da hakki. Manzo Bulus ya yi magana mai zafi a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti a kan wanda ba ya kula da mutanen gidansa. A ƙasar da ba a biyan marar aiki ko sisin kwabo, dangi su ne inshora, su ne asusun fansho. Wanda kawunsa ya sayar da akuya ya biya masa kuɗin makaranta ba zai iya juya wa ɗan kawun baya ya ce shi ɗan zamani ne ba. Abin da ya kamata a rarrabe shi ne taimako da ɗaukar aiki. Taimako daga aljihun mutum yake fita, yana da iko ya ba wanda ya ga dama. Gurbin aiki kuwa ba nasa ne shi kaɗai ba. Akwai hakkin mai saye wanda zai ci burodin, da na maras lafiya wanda za a ba magani, da na sauran ma'aikata waɗanda abincinsu ya dogara ga tsayuwar wurin. Ɗan'uwan da ya iya aikin a ɗauke shi da murna, a bi da shi da dokar da ake bi da kowa. Wanda bai iya ba, a biya masa kuɗin koyon sana'a, ko a ba shi jari, ya fi a damƙa masa ma'ajin kuɗi ana kallo ana cizon yatsa.

Sai maganar amana, wadda ita ce ainihin abin da ke zuciyar yawancin masu gida. Sukan ce ɗan'uwa in ya gudu da kuɗi an san gidan ubansa, bare fa? Tsoron yana da tushe, musamman a garuruwan da rikici ya raba unguwanni har mutum yana tunanin inda zai bi da dare. Amma sanin gidan uban ɓarawo bai cika dawo da kuɗi ba. Abin da aka saba gani shi ne taron dangi, da kuka, da roƙo a yi haƙuri don zumunci. Littafin shiga da fita, da rasiti, da mai tsaya wa ma'aikaci, da ƙidayar kaya kowane mako, da biya ta banki, su ne ke tsare dukiya, suna kuwa aiki a kan ɗan gida da bare daidai wa daida.

Mai gidan burodin nan, in ya zaɓi wannan hanya, kada ya sa rai za a yi masa guɗa. Wata safiya gwaggonsa za ta iso da kanta, ta zauna a bencin gaban kanti, ta dubi yarinyar wata kabila da ke riƙe da littafin kuɗi, ta ce, "Ɗana, ashe abin da ake faɗa gaskiya ne? Jikana yana gida, ka ɗauko 'yar mutane?" Zai durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Gwaggo, lissafi ba aikinsa ba ne, ke ma kin sani. Ya ce yana son gyaran waya. Na yi magana da mai koya masa, zan biya na shekara 2, in ya gama in kama masa shago." Mai yiwuwa ta karɓa. Mai yiwuwa kuma ta tashi ba sallama, ta bar burodin da ya ɗaure mata a kan benci, maganar ta riga shi isa ƙauye kafin Kirsimeti. Yarinyar kuwa ta ji duk abin da aka faɗa, gobe da asuba za ta zo aiki tana duban fuskarsa, ta ga ko har yanzu littafin yana hannunta.